Daga Ƙofar Shumaisi Zuwa Ɗanyen Hoto: Tarihin Dabarar Matse Hotuna

Duk wanda ya sauka a birnin Riyad, hedkwatar ƙasar Sa'udiyya, ya bar tsohuwar fadar Masmak ya nufi yamma, ba zai yi wata tafiya mai nisa ba zai shiga unguwar da ake kira Shumaisi. Ba ita ce Shumaisin nan da alhazai suka sani a kan hanyar Jidda zuwa Makka ba. Wannan tana cikin tsoffin unguwannin Riyad, kuma an fi saninta da babban asibitin gwamnati da aka buɗe a cikinta a shekarar 1956, wanda ko da yake yanzu yana ɗauke da sunan Sarki Sa'ud, har gobe jama'a Asibitin Shumaisi suke ce masa.

A da can kuwa, wannan suna na ɗaya daga cikin ƙofofin gari ne. Riyad ta dā ƙaramin birni ce mai ganuwar ƙasa, irin ta Kano ko Katsina ko Zariya, sai dai ba ta kai su faɗi ba. Lokacin da Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya ƙwace garin a watan Janairu na 1902, gyaran ganuwar nan yana cikin abubuwan da ya fara yi. To amma da mulki ya kahu, kuɗin man fetur suka fara shigowa, mutane suka yi yawa, sai ganuwa ta zama ƙangi ga gari. A shekarar 1950 aka rushe ta, aka shimfiɗa tituna a inda take. Yau birnin yana da mutane wajen miliyan 7, kuma waɗanda suka taɓa ratsa Ƙofar Shumaisi da ƙafarsu sun kusa ƙarewa. Wanda ke son sanin yadda ganuwar take, da tsayinta, da yanayin hasumiyoyinta, da gonakin dabinon da suka kewaye ta, ba shi da abin dubawa sai rubuce-rubucen matafiya da hotunan da suka ɗauka.

Hotunan nan ba su da yawa. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Gerard Leachman ya isa Riyad a ƙarshen 1912, ya ɗauki hotunan garin. Bayansa sai Kyaftin William Shakespear, wanda shi ne ya ɗauki hoton Abdul'aziz a Kuwaiti a 1910, ya kuma yada zango a Riyad a 1914, kafin a kashe shi a yaƙin Jarrab a watan Janairu na 1915. Sannan sai St John Philby, wanda ya zo a 1917, ya zana taswirar garin da ƙofofinsa, aka buga ta cikin littafinsa na 1922. Da yawa daga cikin waɗannan hotuna suna ajiye a ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila da ke Landan, wasu kuma a Oxford. A Riyad ɗin ma akwai cibiyar tarihi ta Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a 1972, tana tattara irinsu.

A nan ne masu binciken tarihi suka koyi wani darasi tun kafin a san za a yi kwamfuta. Hoto guda yana iya zuwa wa mutum ta hanya biyu. Akwai ainihin gilashin ko fim ɗin da haske ya faɗa a kai ranar da aka ɗauke shi, akwai kuma wanda aka buga a littafi ko jarida. Ga ido, su biyun kusan ɗaya ne. Amma in aka ɗora madubin ƙara girma a kan na littafi, babu abin da za a gani sai baƙaƙen ɗige-ɗige manya da ƙanana, domin haka maɗaba'a take buga hoto, kamar yadda duk wanda ya taɓa ƙura wa hotunan Gaskiya Ta Fi Kwabo ido ya sani. In kuwa aka ɗora madubin a kan ainihin fim ɗin, sai abubuwa su riƙa fitowa: sawun hannun magina a jikin katanga, ƙirar ƙyauren ƙofa, wani yaro da ya raɓe a inuwa yana kallon Bature. Mai ɗaukar hoton bai nufi ya ɗauki waɗannan abubuwa ba, mai maɗaba'a kuma bai ga hasarar komai ba da ya bar su. Sai bayan an rushe ganuwa ne aka gane cewa su ne abin nema.

Wannan tsohuwar matsala ce ta sake dawowa da sabuwar kama a zamanin kwamfuta. A watan Disamba na 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta amfani da fim. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya a kan kaset irin na rikoda. Tun daga ranar aka ga inda gizo ke saƙa. Hoton kwamfuta lissafi ne zalla, kowane ɗigo yana da lambar da ke nuna ƙarfin haskensa, kuma lambobin nan suna da yawan gaske. Wurin ajiya yana da tsada, layin aikawa kuma yana da ƙunci. Tilas a nemi hanyar rage kayan.

Hanyoyin rage kayan iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan labari. Ta farko ta yi kama da yadda ake ɗaure auduga a gidan gurza: a danne ta da inji har buhu goma su koma dila guda, in an kwance kuma auduga ta dawo yadda take, ko zare ɗaya bai ɓata ba. Wannan shi ne matsi marar asara. Tushensa yana cikin aikin Claude Shannon na 1948, da kuma dabarar da wani ɗalibi, David Huffman, ya wallafa a 1952, wato a ba abin da ya fi yawan maimaituwa gajeriyar alama, a ba wanda ba ya cika zuwa doguwa. Aibin wannan hanya shi ne ba ta rage hoto sosai. In ta yi ƙoƙari ta mai da shi rabi, ko fiye da rabi kaɗan.

Hanya ta biyu kuwa surfe ce. Mace ta zuba gero a turmi ta surfa, ta bakace dussa, ta wanke tsaba. Abin da ya rage ya fi tsabta, ya fi daɗin tuwo, bai kuma kai na farko yawa ba, amma babu mai iya mai da dussa jikin ƙwaya. Wannan shi ne matsi mai asara, kuma wanda ya buɗe masa ƙofa wani masani ne haifaffen Bangalore ta ƙasar Indiya, Nasir Ahmed, wanda ke koyarwa a jami'ar jihar Kansas a Amurka. A 1972 ya nemi tallafin kuɗi don ya gwada wani lissafi da ya ƙirƙiro, aka hana shi, wai abin ya cika sauƙi. Bai haƙura ba, ya ci gaba da aikin tare da ɗalibinsa T. Natarajan da abokinsa K. R. Rao, suka wallafa sakamakon a watan Janairu na 1974. Abin da lissafin yake yi shi ne ya raba yankin hoto gida-gida: ga manyan siffofi da sauyin haske na sannu-sannu a gefe ɗaya, ga ƙananan zane-zane masu laushi a ɗaya gefen. Da an raba su haka, sai a riƙe na farko da kyau, a yi wa na biyu ƙiyasi ko a zubar da shi.

A kan wannan lissafi ne wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa, wanda aka kafa a 1986, ya gina tsarin da aka amince da shi a 1992, wanda duniya ta sani da sunan kwamitin a taƙaice, wato JPEG. Tsarin yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya surfa kowanne. Yana kuma cin moriyar wani rauni na idon ɗan Adam, wanda ya fi lura da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, saboda haka akan rage bayanin launi fiye da na haske. Da wannan dabara ana iya mai da hoto kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba tare da yawancin mutane sun ga wani canji ba. Ba ƙaramin alheri aka samu ba. Ba don ita ba, da hotuna ba su yaɗu a intanet yadda suka yaɗu ba, da kuma mutumin da ke aiki a Riyad bai iya aika wa mahaifiyarsa a Maraɗi hoton jikanta cikin ƙiftawar ido ba.

Sai dai masu sana'ar hoto ba su daɗe ba suka fara kukan rashin fim. Hoton JPEG dafaffen abinci ne: kyamara ta riga ta yanke hukunci a kan launi da haske, ta kuma taƙaita kowane launi zuwa mataki 256 tsakanin baƙi ƙirin da fari fat. Alhali kuwa idon kyamarar, wato farantin da ke karɓar haske, yana iya rarrabe mataki 4,096, wasu ma 16,384. Farantin nan ba ya ganin launi da kansa. An lulluɓe shi da wani tsari na ƙananan tagogi, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya sami rajistar ƙirƙiro shi a 1976, daga baya ne lissafi ke haɗa cikakken launi. To, sai kamfanoni suka ba masu sana'a damar ajiye lambobin nan yadda suka fito daga faranti, kafin a taɓa su. Shi ne ɗanyen hoto, wanda ake rubuta sunansa RAW a jikin kyamarori. Matsayinsa matsayin fim ne. In an ɗauki hoton ango da farar babbar riga a tsakar rana, ko amarya a ɗaki mai duhu, daga ɗanyen hoto ake iya dawo da aikin zaren da ke wuyan rigar, ko a fito da fuskar da inuwa ta rufe.

Amma ɗanyen hoto yana da nauyi. Kyamara mai ɗigo miliyan 24, in ta rubuta kowane ɗigo da cikakken matakinsa, hoto ɗaya zai kai megabayit 42. Mai ɗaukar hoton biki ko hawan salla yana iya ɗaukar dubu a yini. Kati ya cika da wuri, kyamara ta riƙa jinkiri tsakanin hoto da hoto, a gida kuma sai an yi ta sayen ma'ajiya. Don haka sai surfe ya biyo ɗanyen hoton ma har cikin rumbunsa. Kamfanin Nikon ya daɗe yana ba da zaɓi tsakanin matsi mai asara da marar asara. Kamfanin Adobe, wanda ya fito da tsarin DNG a 2004 don a sami ɗanyen hoto da kowa zai iya buɗewa, ya ƙara masa nau'i mai asara a 2012. Canon ya kawo nasa a 2018.

Masu wannan dabara suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta. Haske ba ya sauka a kan faranti daidai wa daida, yana zuwa ne kamar yayyafi, wani ɗigo ya sami kaɗan fiye da maƙwabcinsa ba don wani dalili ba. A wuraren da hoto ya fi haske, wannan hargitsi na halitta ya fi tazarar da ke tsakanin mataki da mataki girma nesa ba kusa ba. Saboda haka in an rage yawan matakai a can, yawancin abin da aka zubar hargitsi ne, ba siffar komai ba. Wannan ya sa a mafi yawan hotuna ko ƙwararre ba ya iya nuna bambanci.

Inda dabarar ke tuntuɓe shi ne inda haske mai tsanani ya yi iyaka da duhu mai tsanani. Abin da ya faru da kyamarorin Sony ya isa misali. Shekaru da dama ɗanyen hotonsu matsattse ne, babu wani zaɓi. Ana fara rage matakan zuwa 2,048, sannan a ɗebi ɗigo goma sha shida-shida, a rubuta mafi haske da mafi duhu daidai, sauran 14 kuma a kimanta su da mataki 128 kawai tsakanin waɗancan biyu. In duka goma sha shidan sun yi kusa da juna, babu wata asara. In kuwa ɗaya tauraro ne sauran kuma baƙin sama, ko ɗaya taga ce mai rana sauran bangon ɗaki, sai tazarar ta yi faɗi, wasu ƙananan zane-zane da babu su a zahiri su bayyana a gefen abin, musamman idan an zo ana ƙara wa inuwa haske. Masu ɗaukar hoton taurari da na gine-gine suka yi ta ƙorafi, har a 2015 kamfanin ya ƙara zaɓin ɗanyen hoto marar matsi, wanda nauyinsa ya ninka na dā. A 2021 ne ya kawo matsi marar asara. Abin lura a nan shi ne, irin wurin da dabarar ke kasawa shi ne irin wurin da mai binciken tarihi ke kai madubinsa: bakin ƙofar gari, inda rana ke dukan katanga, mutane kuma suna tsaye a cikin inuwar zaure.

Akwai ma abin da ya fi wannan tayar da hankali. A watan Agusta na 2013 wani Bajamushe masanin kwamfuta, David Kriesel, ya gano cewa wasu injunan kwafe takardu na kamfanin Xerox suna canza lambobi a cikin takardun da aka ba su. Injin yana amfani da wani matsi mai asara wanda in ya ga alamomi biyu sun yi kama, sai ya ajiye ɗaya ya riƙa maimaita ta a madadin ɗayar. Ta haka 6 takan koma 8, a rubuce tsaf, babu dusashewa balle mutum ya yi shakka. An shekara da shekaru ana amfani da injunan kafin a farga. Wanda ya yi karatun allo zai fi kowa gane haɗarin. A rubutun da ake yi a allunan ƙasar Hausa, ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf, kuma ɗigo ne ke raba ba da ta da nun. A tsohuwar takarda da tawada ta koɗe, wannan ɗigo yana cikin ƙananan abubuwan da surfe ke fara ɗauka a matsayin dussa.

Shi ya sa ma'aikatun da aikinsu ya rataya a kan amana suka ɗauki matsayi. Shirin ceton tsofaffin takardu na babban ɗakin karatu na Ingila, wanda aka fara a 2004, kuma ya tallafa wa ɗaukar hotunan littattafan malamai a Nijeriya da Mali, yana neman a miƙa masa hotuna a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai. Ƙona dubban littattafai da aka yi a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a watan Janairu na 2013 ya nuna cewa wata rana hoton takarda yana iya zama shi kaɗai ne takardar. Gasar hotunan 'yan jarida ta duniya da ake shiryawa a Amsterdam tana neman ganin ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara kafin ta ba da kyauta, kuma a 2015 ta fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda an taɓa su fiye da ƙima. A asibitoci ma, irin wanda ke tsaye yau a Shumaisi, tambayar ba ta wasa ba ce, domin ɗan tabon da likita ke nema a hoton ƙirji ko na nono yakan kasance ƙarami ne, mai laushi, dab da iyakar abin da ido ke gani. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta yarda a adana hoton binciken sankarar nono da matsi mai asara a madadin na asali ba.

Duk wannan ba ya nufin matsi mai asara abin ƙi ne. Mai ɗaukar hoton ƙwallo ko dambe, wanda ke bukatar hoto ashirin a daƙiƙa guda, ya fi cin riba da matsattsen ɗanyen hoto, domin hoton da aka samu da ɗan rauni ya fi wanda ya kuɓuce. Haka mai hoton biki da rana tsaka, wanda haskensa ya daidaita. Abin da tarihin nan ke koyarwa shi ne a bambance kwafin aikawa da kwafin ajiya. Na aikawa a surfa shi yadda aka ga dama. Na ajiya kuwa a bar shi da dussarsa, ko dai marar matsi ko mai matsi marar asara, a kuma ajiye shi a wuri fiye da ɗaya. Kuma a sani cewa asarar tana taruwa: duk lokacin da aka buɗe hoton JPEG aka gyara aka sake ajiyewa, an sake surfe ke nan. Manhajojin hira irin su WhatsApp suna rage hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Gidaje da yawa yanzu ba su da hoton kakansu sai wanda aka ɗauka daga jikin wani hoton, aka tura, aka sake turawa, har fuskar ta zama dishi-dishi, ainihin katin kuwa an bar shi ga gara.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga abin da ya sami Riyad. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ta zaizaye a wurare da yawa, an yi gine-gine a kanta. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata a gurbinta. Ƙofofi da dama a Kano da Katsina da Zariya ba su ne na asali ba. Yau kusan kowane saurayi yana da kyamara a aljihunsa, kuma ana ɗaukar hotunan abin da ya rage na badala da tsoffin zauruka da masallatai fiye da kowane zamani. Sai dai yawan hotuna ba shi ne ingancinsu ba. Leachman da Shakespear da Philby ba su san abin da za a zo ana nema a hotunansu ba, sa'ar da aka yi ita ce kayan aikinsu ba su da dabarar zaɓen abin da za su zubar. Na'urorin yau suna da wannan dabara, kuma suna aiki da ita ne bisa abin da idon mutumin yau ke iya gani a fuskar wayarsa. Wanda zai zo bayan shekara 100 yana neman sanin yadda aka ɗora azara a wata ƙofa, ko sunan da aka rubuta a gefen wani littafi, ba zai sami komai ba sai abin da aka bar masa.